Shafi na Goma Sha Huɗu

Shekara ashirin da shida Babban Akawu da Malama mai buga takardu suka yi a ɗaki ɗaya, tebur yana fuskantar tebur, kuma a tsawon wannan zamani ba a taɓa buɗe tagar ɗakin ba. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. A shekarar da aka ba shi riƙon rajistar ma'aikatar, wata iska ta taso da rana tsaka ta kwashe takardun ƙarin girma na mutum tara, ta watsa su a filin ajiye motoci, aka tsinto takwas. Shi da kansa ya tsara umarnin rufe tagar, Darakta ya sa hannu, kafinta ya zo ya buga ƙusa huɗu. Daga ranar takarda ba ta sake ɓacewa a rajista ba, kuma wannan ne abin da Babban Akawu yake alfahari da shi a duniya.

Abu na biyu da aka san shi da shi kuwa sigari ne. Yakan kunna karan farko idan ya buɗe littafin karɓar wasiƙu, ya kashe na ƙarshe idan ya rufe littafin aike. Bangon ɗakin, wanda aka shafa wa farin fenti, ya koma ruwan ƙasa, fayilolin kuwa ko bene na uku aka kai su, ana gane daga inda suka fito tun kafin a buɗe su. Malama ba ta taɓa sa kara a bakinta ba. A gaban mutane tana ce masa ranka ya daɗe, idan su biyu ne sai ta kira shi Bututu, saboda hayaƙinsa, shi kuma yana amsawa. Tana da wani ɗan tari da ya daɗe tare da ita, har ya zama ɗaya daga cikin sautukan ofis, kamar ƙarar fanka da bugun hatimi. Babu wanda yake jinsa.

Sai takardar umarni ta zo daga sama, aka hana shan sigari a cikin kowane gini na ma'aikatar. Aka ware wa mashaya wani lungu a bayan rumfar janareta, inda babu inuwa kuma babu wurin zama. Su goma sha ɗaya ne, har da direbobi biyu da Mai Sito, wanda shi ne ya fi kowa baki a cikinsu.

"Mu fa ba ɓarayi ba ne," in ji Mai Sito wata rana, yana kare kansa daga rana da wani tsohon fayil. "Haram ne a sayar? A'a. An hana sayowa? A'a. To don me za a jera mu a bayan janareta kamar an kama mu da kayan sata? Hayaƙin da wannan injin yake yi a awa ɗaya, mu duka ba za mu yi shi a wata guda ba. Ga mai turare can a ofishin kuɗi, in ta wuce ka sai ka yi atishawa bakwai, wa ya kai ta bayan janareta? Babban Akawu, alƙalami a hannunka yake. Ka rubuta mana."

Babban Akawu ya yi ɗan ja da baya na al'ada, sannan ya karɓa, domin shekara da shekaru ba a ba shi aikin da ya kai ƙwarewarsa ba. Ya tsara takardar koke mai sakin layi shida, yana neman a ba mashaya ɗaki ɗaya a ƙasa, mai kujeru. Ya kawo batun 'yancin baligi a kan jikinsa, ya kawo batun lokacin aiki da ake ɓatawa wajen sauka da hawa. Ya tsaya a bayan kujerar Malama yana karantowa tana bugawa, kamar yadda suka saba.

"Sakin layi na huɗu," ya ce. "Ana so a lura cewa a ɗakin rajista, inda aka shafe fiye da shekara ashirin da biyar ana shan sigari, iska wadatacciya ce, ba a taɓa samun ƙorafi ba, kuma babu ma'aikacin da ya taɓa cutuwa."

Malama ta ɗaga yatsunta. Ta dubi tagar, ta dube shi ta saman tabarau.

"Wadatacciya, Bututu?"

"Salon rubutu ne, Malama. Ko na taɓa damunki?"

"Ni wa, in damu da Babban Akawu guda? Ci gaba, ina jinka. Ka yi sauri dai, ina da wasiƙun Darakta."

Ta buga, ta sa alamarta ta mai bugawa a ƙasan takardar kamar yadda doka ta ce, ta kurɓi ruwa daga gorarta. Amsar koken ta dawo cikin mako biyu, layi biyu kacal, ba a amince ba. Babban Akawu ya huda takardar koken, ya zura mata zare, ya sa ta a fayil ɗin Yanayin Wurin Aiki, ya rubuta lamba goma sha huɗu a kusurwarta da jan alƙalami. Ya manta da ita, kamar yadda ake mantawa da duk abin da aka adana da kyau.

Bayan wata bakwai Malama ta kasa hawa matakalar ofis. Ta zauna a kan ta shida tana neman numfashi, masinja ya ɗauko mata jakarta, aka sa ta a mota. Hutun kwana uku ya zama na wata guda. A mako na biyar 'yarta, wadda take koyarwa a makarantar firamare, ta zo rajista da ambulan a hannu. Babban Akawu ya san ta tun ana goyonta. Ta ƙi zama.

"Kawu, likita ya dubi hoton ƙirjinta ya tambaye ta kara nawa take sha a yini. Ta ce ko ɗaya. Ya yi murmushi ya rubuta abin da ya ga dama."

"Me ya rubuta?"

"Huhun mai shan sigari."

Ta yi masa bayanin sauran, ko da yake ya fi ta sanin dokar, tun da shi ya adana ta. Asibitin ma'aikata yana ba mai ciwon huhu magani kawai, in an ɗauka shi ya jawo wa kansa. In kuwa Hukumar Likitoci ta yarda cewa wurin aiki ne ya jawo ciwon, to sai a kai wa majiyyaci na'urar iskar numfashi har gida, a kuma miƙa shi ga likitan ƙwararru. Malama ba ta iya kwanciya a miƙe, a zaune take barci. Hukumar za ta zauna nan da kwana goma, kuma tana son shaidar wanda suka zauna ɗaki ɗaya.

"Mama ta ce kada in matsa maka. Ni dai na zo in matsa."

"Babu matsi a ciki, 'yata. Gobe ki aiko a karɓa."

Ya rubuta shaidar da hannunsa, domin bai yarda sabuwar mai bugawa ta gani ba. Ya yi gwaji uku ya yage, saboda alƙalamin yana ta komawa ga "an lura" da "ana kyautata zato", waɗanda suka ciyar da shi shekara talatin. A na huɗu ya rubuta magana tsirara, irin wadda bai taɓa sa wa hannu ba: cewa Malama ba ta taɓa shan sigari ba, cewa shi ne yake sha a gabanta tun safe har tashi, cewa tagar a rufe take da ƙusa bisa shawararsa, cewa shi ya sha ita kuma ta shaƙa. Da ya gama ya ji kamar ya tuɓe riga a kasuwa. Ya kuma ji wani sanyi a ransa, irin na wanda ya sauke nauyi, kuma wannan sanyin ya yi masa kwana shida.

A rana ta bakwai takardar buƙata ta sauko daga Sakataren Hukumar: a aiko da fayil ɗin Yanayin Wurin Aiki kafin zama. Babban Akawu ya ciro shi daga kanta, ya buɗe don ya tabbatar shafuka sun cika, kamar yadda yake yi wa kowane fayil kafin ya fita. Ya kai goma sha uku, ya juya. Sakin layi na huɗu yana nan yana jiransa, da sa hannunsa a ƙasa, da alamar Malama a gefe.

Ya ɗauki fayil ɗin ya sauka bayan janareta, abin da bai taɓa yi wa fayil ba. Mai Sito ya karanta shafin, ya busa hayaƙi gefe.

"Wannan ne ya sa ka zo fuska kamar an yi maka rasuwa? Yage shi."

"Yana da lamba."

"To lambar ta bi shi. Ga ashana. Ko ka ba ni, in juya maka baya, ka ce ba ka gani ba."

"In an duba za a ga goma sha uku, sai goma sha biyar."

"A gani mana. Ka ce gara ta ci. Kai kaɗai ne a ma'aikatar nan gara ba ta taɓa ci wa takarda ba, ai lokaci ya yi da za ta ɗanɗana taka. Mutumina, matar nan numfashi take nema, kai kana lissafin kusurwar takarda." Ya taka guntun sigarinsa. "Ni fa har gobe ina kan bakana, an zalunce mu da aka kawo mu nan. Amma wannan daban. Yage."

Babban Akawu ya koma sama ya rufe ƙofa. Ya kwance zaren fayil ɗin, ya zare shafin, ya riƙe shi da hannu biyu a daidai tsakiya. Takarda ce mara nauyi, ko yaron goye zai iya raba ta. A shekara talatin da ɗaya na aikinsa an roƙe shi ya ɓatar da takarda sau da dama, an yi masa alkawari, an yi masa barazana, wani Mataimakin Darakta ma ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Bai taɓa yi ba, kuma in aka cire wannan daga tarihinsa bai san abin da zai rage ba, ban da tari da tabon yatsu.

Can sai dabara ta faɗo masa, ya ji daɗinta ƙwarai, domin dabara ce mai tsabta. Dokar rajista ta yarda a ɗauke takarda daga wani fayil zuwa wani, in an ga ta fi dacewa da can. Koke kuwa, in an bi ƙa'ida, ai ba yanayin wurin aiki ba ne, koke ne. Ya ɗauko fayil ɗin Ƙorafe-ƙorafen Ma'aikata, ya sa shafin a can, ya ba shi sabuwar lamba. Babu abin da aka lalata, babu ƙaryar da aka yi. Hukumar ta nemi fayil ɗaya, za ta samu fayil ɗaya.

Saura giɓin da ke tsakanin goma sha uku da goma sha biyar. Ya dube shi kamar haƙorin da ya fita. Dokar da ta yarda a ɗauke takarda ita ce kuma ta ce a bar 'yar takardar sanarwa a gurbinta. Hannunsa ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko 'yar koriyar takardar, ya cike ta da kyakkyawan rubutunsa: an mayar da shafi na goma sha huɗu zuwa fayil kaza, ranar kaza. Ya sa hannu, ya ɗaure zaren. Ya gaya wa kansa cewa babu mai bin irin waɗannan 'yan takardu, kuma a mafi yawan ma'aikatu da hakan gaskiya ne.

Sakataren Hukumar tsohon ɗalibinsa ne a aikin rajista, yanzu furfura ta fara fito masa. Babban Akawu ne ya koya masa, da tsawa da jan alƙalami, cewa koriyar takarda ba ado ba ce, duk inda ta nuna sai a bi ta. Mutumin ya riƙe karatunsa. Kwana ɗaya kafin zama, takardar buƙata ta biyu ta sauko, tana neman fayil ɗin Ƙorafe-ƙorafe. Babban Akawu ya rubuta shi a littafin aike, ya miƙa wa masinja.

Hukumar ta zauna a ɗakin taro na bene na uku, likitoci biyu da lauyan ma'aikatar, da Sakatare a gefe yana kallon takardunsa. Shugabar, wata likita mai sanyin murya, ta ajiye takardu biyu a gabanta, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

"Babban Akawu, duka biyun sa hannunka ne?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"Wannan ta ce iska wadatacciya ce, babu wanda ya cutu. Wannan ta ce taga a rufe take da ƙusa. Wacce ce gaskiya?"

"Ta biyun."

"Ta farkon fa?"

"Ta farkon koke ce, ranki ya daɗe. Shi koke ana rubuta shi ne don a samu abin da ake nema."

"Ita ta biyun ba don a samu abin da ake nema aka rubuta ta ba?"

Lauyan ya karɓe. Ya nuna cewa takardar farko an rubuta ta ne lokacin da babu wanda ke ciwo, babu wanda ake son taimaka wa. Ya nuna alamar mai bugawa a ƙasanta, ya ce mai neman, wato Malama, da kanta ta buga wannan magana, ba ta kuma rubuta ko layi ɗaya na rashin yarda ba, a lokacin ko a cikin shekara ashirin da shida. Sannan ya ɗaga koriyar takardar da yatsu biyu, ya karanta kwanan watan da ke jikinta, ya tambaya cikin ladabi me ya sa shafin da ya yi wata tara a wurinsa ya tashi ƙaura ana saura kwana uku zama.

"An ga ya fi dacewa da can," in ji Babban Akawu. Shi kansa ya ji yadda maganar ta fita.

"Akwai umarnin rufe tagar a rubuce?" Shugabar ta tambaya. "In akwai shi, zai taimaka."

Akwai shi a da. Yana cikin fayilolin da suka cika shekara ashirin, waɗanda doka ta ce a ƙone, kuma an ƙone su a kan lokaci, Babban Akawu yana tsaye, ya sa hannu a jerin sunayensu.

"Ƙusoshin suna nan, ranki ya daɗe. Bene biyu ne kawai. Ku sauko ku gani, ku ga bangon."

Shugabar ta dube shi da wani abu mai kama da tausayi. Ta ce Hukumar ba ta da ikon zagaya, abin da aka gabatar mata a rubuce shi take dubawa. Ta gode masa da zuwa. Da zai fita, Sakatare ya miƙe ya buɗe masa ƙofa, bai yarda sun haɗa ido ba.

Hukuncin ya sauko bayan mako guda, kuma da yake duk wasiƙar da za ta fita sai ta bi ta rajista, a teburinsa ta sauka. Ba a tabbatar da cewa wurin aiki ne sanadin ciwon ba, saboda shaidar da aka kawo ta ci karo da kanta. Ana iya ɗaukaka ƙara in an sami sabon mai shaida. Mutum biyu ne suka zauna a ɗakin nan shekara ashirin da shida, ɗaya ita ce mai nema, ɗayan kuma an riga an ji shi.

Bai ba masinja ba. Ya ɗauki wasiƙar da littafin aike, ya hau motar haya zuwa gidan Malama bayan azahar. Tun safe bai kunna ko kara ɗaya ba, don kada ya shiga mata da wari. 'Yarta ta buɗe ƙofa, ta dubi ambulan, ta dubi fuskarsa.

"Daga bakin ƙofar ɗakin za ka tsaya, Kawu. Kayanka na warin hayaƙi."

Malama tana zaune a kan gado, an tara mata matasan kai uku a baya, taga a buɗe har ƙarshe. Ta rame har tabarau ya yi mata yawa. Tana magana tana hutawa a tsakanin kalmomi, kamar mai hawan tudu da kaya.

"Bututu. Yau kai ne masinja? An rage maka girma ke nan."

'Yarta ta karɓi wasiƙar ta kai mata. Ta karanta a hankali har ƙasa, ta sake komawa sama.

"Wa ya buga wannan? Gefen hagu ya karkace."

"Sabuwar ce. Tana koyo."

"Mai Sito ya zo jiya. Ya ba ni labari." Ta huta. "Ya ce har ashana ya miƙa maka."

"Malama, na riƙe shi a hannuna. Wallahi na riƙe."

"Na sani. Na ce wa yarinyar nan tun farko, Kawunki ba zai iya ba. Ba ta yarda ba." Ta ninke wasiƙar a kan layinta. "Ni ma ai na buga. Na dubi tagar, na dube ka, na buga. Ina da wasiƙun Darakta."

"Zan rubuta ɗaukaka ƙara. Zan nemo kafintan, in yana raye. Zan je wurin Darakta da kaina."

"Yaushe za su sake zama?"

"Bayan wata uku."

'Yarta ta juya ta shiga gyara kwalaben magani a kan tebur, waɗanda ba su buƙatar gyara.

"Littafin ne a hammatarka?" in ji Malama. "Kawo in sa hannu. In ban sa ba, ba za ka yi barci ba."

Ya so ya ce a bar shi. Amma ya riga ya buɗe shafin, ya tako cikin ɗakin taku uku ya miƙa mata da alƙalami. Ta sa hannu a gurbin mai karɓa, rubutun yana rawa amma a kan layi. Tana miƙo masa littafin, sai tarin ya taso. Ba ɗan tarin ofis ba ne, wannan daga can ƙasa yake fitowa, yana naɗe ta gida biyu. 'Yarta ta ruga ta tallafe ta da hannu ɗaya, da ɗayan ta nuna masa hanya.

"Na ce ka tsaya a ƙofa, Kawu. Fita, don Allah."

Ya fita ya tsaya a barandar, littafin a ƙirjinsa, yana jira tarin ya lafa ya yi sallama. Maƙwabciya ta leƙo ta koma. Ya daɗe a tsaye, tarin yana tsayawa yana dawowa, har ya ji an turo ƙofar an sa sakata. Gurbin lokacin isarwa ne kaɗai ya rage a shafin. Ya dubi agogonsa, ya rubuta ƙarfe huɗu da minti goma, ya sauka.